Yadda Ake Daidaita Ƙarfin Sigina da Tsohuwar Amfilifaya Mai Bawul

Ƙorafin da aka fi ji daga waɗanda suka haɗa tsohuwar amfilifaya mai bawul (ƙwayayen gilashin nan masu kama da fitila da ke ƙara ƙarfin sigina) da na'urar kiɗa ta zamani guda ɗaya ne: da an ɗan taɓa maɓallin bolum sai ɗaki ya cika da ƙara. Maɓallin bai ko kai inda ƙarfe tara take a fuskar agogo ba, amma kunne ya fara neman agaji. In an rage, sai lasifika ɗaya ta yi shiru, ɗayar tana ci gaba da magana. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa amfilifayar tana da ƙarfi na ban mamaki. Ba haka ba ne. Amfilifaya mai wat 10 wat 10 take bayarwa ko da a ina maɓallin ya tsaya. Abin da ya faru shi ne an ba ta sigina fiye da yadda aka ƙera ta ta karɓa, kamar famfon da ruwa ya yi wa ƙarfi, kana taɓa kansa sai feshi.

Gyaran ba ya buƙatar a buɗe cikinta. Lissafi kaɗan ne, da awo, da sanin inda ya kamata a rage siginar.

Abubuwa biyu da ake cakuɗawa

Na farko shi ne buƙatar mashiga, abin da takardar na'urar ke rubutawa da "input sensitivity". Ita ce yawan bolt ɗin da za a ba amfilifaya a mashigarta kafin ta fitar da dukkan ƙarfin da aka ƙera ta da shi. Ƙaramar lamba na nufin ba ta buƙatar sigina mai yawa. Na biyu shi ne ninki, wanda a jikin wasu na'urori za ka ga an rubuta "gain": sau nawa amfilifayar ke ninka bolt ɗin da ya shiga kafin ya isa lasifika. In ka san ɗaya daga cikinsu, ka kuma san wat ɗin na'urar, ka san ɗayan.

Ga yadda suke haɗuwa. Ka ninka wat da om ɗin lasifika (ma'aunin turjiyar da take yi wa wuta), ka ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito, wannan shi ne bolt ɗin da ke fita a cikakken ƙarfi. Ɗauki Dynaco ST-70 da ta fito a 1959, mai bawul EL34, wadda ke ba da wat 35 a kowane gefe. Wat 35 sau om 8 ya ba da 280, tushensa kusan bolt 16.7. Buƙatar mashigarta bolt 1.3 ce, saboda haka ninkinta kusan sau 13 ne, wato desibel 22. Quad II ta 1953, mai bawul KT66 da wat 15, tana neman bolt 1.4. Amma Leak Stereo 20 ta 1958, mai bawul EL84 da wat 10 a kowane gefe, milibolt 125 kawai take so. Tana ninka sigina sau 70 da ɗoriya, kusan desibel 37. Dukkansu na zamani ɗaya ne, amma abin da Leak ke buƙata bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da Quad ke nema ba. Shi ya sa ba za a ce "tsofaffin amfilifaya haka suke" a yi musu kuɗin goro ba.

Desibel kuwa kada ya ba ka tsoro. Abu uku za ka riƙe: bolt ya ninka sau 2 desibel 6 ne, sau 3 da 'yan kai desibel 10 ne, sau 10 desibel 20 ne. Kuma ana tara su ne, ba a ninka su.

Mataki na farko: san abin da na'urar kiɗanka ke fitarwa

Lokacin da aka ƙera waɗannan amfilifayoyin, rediyon gida da rikodar tef 'yan ɗaruruwan milibolt suke fitarwa. Da faifan CD ya zo a 1982, sai bolt 2 ya zama abin da aka saba da shi, kuma yawancin na'urorin da ke mai da kiɗan kwamfuta sauti a yau a nan suke, wasu ma sun ɗara. Mafitar XLR, mai filogi mai tsinke uku, takan kai bolt 4. Wayar hannu ta ramin abin kunne yawanci bolt 1 ne ko ƙasa. Allurar garmaho mai maganaɗisu milibolt 3 zuwa 5 take bayarwa, wani nau'in allurar kuma da ake kira MC ba ta ma kai milibolt 1 ba a mafi yawan lokuta.

In takarda ta faɗi lambar, to. In ba ta faɗa ba, sai ka auna. Ka samo fayil ɗin sautin gwaji na Hz 400 (mai kaɗawa sau 400 a daƙiƙa) wanda aka naɗa a cikakken matsayi, ka cire kebul daga amfilifaya, ka ƙure bolum ɗin kwamfuta da na manhaja, ka sa mitar awon lantarki a kan bolt na AC, ka taɓa baki ɗaya a tsinken tsakiyar filogin RCA (zagayayyen filogin kebul ɗin sauti), ɗayan a zoben waje. Dalilin zaɓar Hz 400 maimakon 1000 da injiniyoyi ke amfani da shi shi ne mitoci masu sauƙi an yi su ne don wutar gida ta Hz 50 ko 60, kuma da sauti ya yi sama sai karatunsu ya fara kaucewa. Ka tabbata ba a haɗa komai da lasifika ba yayin wannan awon, domin sautin gwaji a cikakken matsayi yana iya ƙona ta.

Mataki na biyu: auna ninkin amfilifayar da hannunka

Takarda tana faɗin yadda na'urar take ranar da ta bar masana'anta. Shekara sittin ta wuce, bawul ya tsufa, resistoci sun sauya, wataƙila ma wani ya taɓa yi mata kwaskwarima. Awo ya fi takarda.

Kafin komai, doka biyu. Kada ka kunna amfilifaya mai bawul ba tare da kaya a mafitarta ba, ko lasifika ko resista a madadinta. In ta sami sigina babu inda za ta sauke ƙarfin, bolt na iya hauhawa a cikin tiransifomar fita har ya huda rufin wayoyinta, kuma wannan tiransifomar ita ce ɓangaren da ya fi wahalar maye gurbi. Doka ta biyu, kada ka buɗe ƙasanta. Akwai ɗaruruwan bolt a ciki, kuma kafasitoci suna riƙe wuta bayan an kashe an zare filogi. Duk awon da za mu yi daga waje ne.

Ka samo resista mai om 8 wadda za ta ɗauki aƙalla wat 50, guda biyu in amfilifayar mai gefe biyu ce, ka ɗaura su a maƙalen om 8 a madadin lasifika. Ka sa filogi mai reshe biyu a mashiga don ka sami wurin taɓa mita ba tare da cire kebul ba. Ka rage bolum ɗin na'urar kiɗa zuwa ƙasa, ka kunna amfilifaya, ka bar ta ta ɗumama kamar minti goma sha biyar. In tana da nata maɓallin bolum ko na ninki, ka buɗe shi gaba ɗaya.

Yanzu ka saki sautin Hz 400, mita tana kan resistar, kana ƙara sigina a hankali har ta nuna bolt 2.83. Wannan shi ne wat 1 a kan om 8. Ka bar komai yadda yake, ka mai da mitar mashiga, ka karanta. A ce ta nuna 0.22. Ka raba 2.83 da 0.22, ninki ya zama kusan 13. Sai ka raba bolt ɗin cikakken ƙarfi da wannan 13 ɗin, buƙatar mashiga ta fito. Ba sai ka tura na'urar zuwa ƙarshen ƙarfinta ba.

In amfilifayar irin su Leak ce, abin da za ka gani a mashiga kusan milibolt 40 ne, kuma mita mai sauƙi ba ta da tabbas a irin wannan ƙaramin karatu. Sai ka ɗaga fitar zuwa bolt 5 ko 6 na ɗan lokaci, ka sake aunawa. Resistar za ta yi zafi, kada ka ajiye ta a kan katako ko roba.

Ka maimaita a ɗaya gefen, ka rubuta duka biyun. Bambancin kashi 12 cikin 100 desibel 1 ne, kuma daga nan kunne ke fara jin mawaƙi ya karkata gefe guda.

Wani abu da ake mantawa: maƙalen lasifika ma yana sauya ninki. Na om 16 yana fitar da bolt fiye da na om 8 da desibel 3, na om 4 kuma ƙasa da shi da desibel 3. Amma ba wurin gyaran bolum ba ne. Ana zaɓarsa ne gwargwadon om ɗin lasifika.

Mataki na uku: lissafa rarar

Ka raba abin da na'urar kiɗa ke fitarwa da abin da amfilifaya ke buƙata. Bolt 2 a kan Leak mai milibolt 125 ya ninka buƙatarta sau 16, rarar desibel 24 ke nan. Bolt 2 kai tsaye a kan ST-70 rarar ba ta kai desibel 4 ba, abin da ya yi daidai. To amma mutane ba kai tsaye suke haɗawa ba, akwai firi-amf a tsakani, wato akwatin da ke da maɓallin bolum, yake ƙara sigina kafin ta isa babbar amfilifaya, kuma na wancan zamanin, irin su Dynaco PAS, suna ƙara kusan desibel 20 a layin rediyo da tef. Sai ST-70 ɗin da ba ta da matsala ita ma ta koma tana da rarar kusan 24.

Ga dalilin da ya sa wannan lambar ke da muhimmanci. Maɓallin bolum na sauti in ya kai tsakiya, wato ƙarfe goma sha biyu, kusan desibel 20 yake ragewa. Da rarar 24, amfilifayar ta riga ta ƙure tun kafin ka kai tsakiya. Sauraro na yau da kullum kuwa bai cika wuce wat 1 ko 2 ba, saboda haka za ka ƙare kana aiki da 'yar guntuwar farkon maɓallin. A wannan guntuwar ne layukan nan biyu na cikin maɓallin, na hagu da na dama, suka fi saɓa wa juna, musamman in ya tsufa. Abin da ke sa gefe ɗaya ya riga ɗaya mutuwa ke nan. In kuma na'urar tana da maɓallin "loudness", shi ma lissafinsa ya rushe: an tsara shi ya ƙara kaurin sauti lokacin da bolum ke ƙasa, a kan zaton ana sauraro a hankali. Kai kuwa bolum ɗinka yana ƙasa amma ƙara ta cika ɗaki, sai sautin ya yi ta gunji babu dalili.

Abin da ake nema shi ne sauraron yau da kullum ya faɗo tsakanin ƙarfe goma da ƙarfe ɗaya. Kada ka share rarar duka. Ka bar desibel 6 zuwa 10, saboda tsofaffin waƙoƙi da kiɗan da aka naɗa a hankali.

Mataki na huɗu: rage siginar a inda ya dace

Fara da duba ramin da ka sa kebul. Na'ura mai bolt 2 tana shiga ramin da aka rubuta Aux, Tuner ko Tape. Ba ta shiga Phono ko Mag ko Tape Head, domin waɗannan an yi su ne don 'yan milibolt, kuma suna da gyaran sauti na musamman da zai sa komai ya fashe ya yi kauri. Ka kuma leƙa bayan na'urar, wasu tsofaffin firi-amf suna da ƙananan maɓallan da ake juyawa da sukudireba don rage kowace mashiga. In akwai, aikinka ya kusa ƙarewa.

In babbar amfilifayar tana da maɓallan ninki a jikinta, kamar McIntosh MC240 da MC275, ga tsarin. Ka rufe su gaba ɗaya. Ka sa bolum ɗin firi-amf a ƙarfe ɗaya. Ka saki waƙa mai ƙarfi da ka sani sosai, kana buɗe maɓallan ninkin har sautin ya kai iyakar yadda kake saurare in kana cikin nishaɗi. Sannan ka mai da resistocin gwaji, ka saki sautin Hz 400, ka daidaita gefen biyu da mita har karatunsu ya zama ɗaya. Ka sa alama da fensir a inda suka tsaya. Akwai masu cewa dole a ƙure waɗannan maɓallan don a sami "cikakken ƙarfi". Ba su da alaƙa da ƙarfi. Ko a rabi suke, amfilifayar za ta ba da dukkan wat ɗinta muddin firi-amf ya turo isasshen bolt.

In babu ko ɗaya daga waɗannan, sai a koma ga resistoci biyu a kowane gefe. Ɗaya tana kan hanyar sigina, ɗaya kuma daga bayanta zuwa ƙasa, wato zoben wajen filogi. Kilo-om 22 a hanya da kilo-om 10 zuwa ƙasa suna rage desibel 10. Kilo-om 47 da 10 suna rage 15. Kilo-om 91 da 10 suna rage 20. Ƙananan resistoci masu kwata na wat sun isa, amma ka nemi masu daidaiton kashi 1 cikin 100 don gefen biyu su zo ɗaya. Ana iya liƙa su da dalma a cikin filogin RCA, akwai kuma waɗanda aka riga aka haɗa, sai dai a cusa su kawai.

Wurin da za ka sa su ya fi lambar muhimmanci. Na ɗaya, su kasance a ƙarshen kebul, daf da na'urar da ke karɓa, ba a bakin wadda ke turawa ba. Kebul yana da ɗabi'ar kafasita, kusan fikofarad 100 a kowace mita, kuma in ya biyo bayan babbar resista sai su haɗu su danne siraran sautuka na sama. Wannan ne ma matsalar akwatin bolum marar wuta, wanda maɓallin bolum kawai ke cikinsa, ba ya ninka sigina: maɓalli mai kilo-om 100 a inda ya fi tsauri yana nuna wa kebul kilo-om 25, in kebul ɗin ya kai mita 3 sai dannewar ta sauko kusa da Hz 21,000, bakin iyakar ji. Ga irin wannan aikin maɓalli mai kilo-om 10 ko 20 da gajeren kebul ya fi.

Na biyu, a wace gaɓa? Ka tsayar da kiɗa, ka kai kunne kusa da lasifika. In kana jin "shiii" ko ƙugi ko da bolum yana ƙasa, kuma yana ɓacewa in ka kashe komai ka cire firi-amf daga tsakani, to ka sa resistocin tsakanin firi-amf da babbar amfilifaya. A nan za su rage siginar tare da hayaniyar da firi-amf ke haifarwa. Ni a ganina wannan shi ne wurin da ya fi dacewa a mafi yawan lokuta, musamman ga mai lasifikoki masu saurin amsawa, irin masu desibel 95 zuwa sama. In kuwa babu hayaniya amma sautin yana fashewa a wuraren da kiɗa ya yi ƙarfi ko da bolum yana ƙasa, alama ce akwai bawul kafin maɓallin bolum wanda siginar ta fi ƙarfinsa. Sai resistocin su koma tsakanin na'urar kiɗa da firi-amf.

Rage bolum daga kwamfuta fa? Yana aiki, kuma in manhajar tana lissafi da bit 24 ko 32, rage desibel 10 ko 15 ba abin damuwa ba ne. Haɗarinsa ɗaya: ranar da manhajar ta sabunta kanta ko wani ya taɓa, bolum ya koma ɗari bisa ɗari, lasifika ce za ta biya. Resista ba ta mantuwa.

Hanyoyin da suka fi kyau a gani fiye da a aikace

Za a ba ka shawarar ka cire bawul 12AX7, wanda Turai ke kira ECC83, ka sa 12AU7 don ninki ya ragu, tunda ƙafafunsu ɗaya ne. Gaskiya ne 12AX7 ninkinsa 100 ne, 5751 kusan 70, 12AT7 60, 12AU7 kuma bai wuce 20 ba. Sai dai a yawancin amfilifayoyin sauraron kiɗa, ba bawul ne ke yanke hukuncin ninki ba. Akwai wani ɓangare na siginar fita da ake mayarwa baya don ya gyara sauti, kuma resistocin wannan hanyar ne ke tsayar da ninkin. In ka sa bawul mai rauni, ƙarar za ta ragu kaɗan, amma gyaran da ke tsabtace sautin zai ragu da yawa. Ƙari a kan haka 12AU7 da 12AT7 suna son wuta fiye da 12AX7, resistocin da ke kewaye da su kuma ba don su aka zaɓa ba. 5751 ne kaɗai ke kusa da zama madadi, shi ma ragin da zai kawo bai taka kara ya karya ba. A amfilifayar jita labarin daban ne, can mutane suna yin wannan musanyar da gangan don sauya launin sauti.

Ƙara yawan siginar da ake mayarwa baya yana rage ninki sosai, amma yana iya sa amfilifayar ta fara kaɗawa a sautin da kunne ba ya ji, bawul na zafi, lasifika na cin wuya. Wannan aikin mai na'urar kallon sigina ne.

Sai kuma bayas. Maɓallin bayas na bawul ɗin fita ba na ƙara ba ne, yana tsayar da yawan wutar da bawul ke ja ne a zaune. A ST-70 ana saita shi a bolt 1.56 a wurin awon da aka tanada, a bar shi nan.

In siginar ce ta yi kaɗan

Wannan ya fi sauƙin ganewa: ka ƙure bolum amma sauti bai cika ba, kuma bai fashe ba. Wayar hannu a kan Quad II ba za ta kai ta bolt 1.4 ba. Garmaho ma haka. Allura mai milibolt 5 in ta bi ta akwatin ƙara siginar garmaho mai ninkin desibel 40 ta zama rabin bolt, wanda ya yi wa Leak yawa amma ya gaza wa ST-70 da kusan desibel 8. A nan akwatin bolum marar wuta ba zai yi ba, firi-amf mai ninki ake buƙata. Wanda ke da garmaho da na'urar bolt 2 a kan firi-amf ɗaya, ya sa resistocin a kan layin mai bolt 2 kaɗai, don in ya sauya daga ɗaya zuwa ɗaya ƙarar ta zo kusa da juna.

Mataki na ƙarshe: koma kan karatun gefen biyu

In awon da ka yi a mataki na biyu ya nuna gefe ɗaya ya gaza ɗaya da fiye da desibel 1, ko ninkin ya yi nisa da abin da takarda ta faɗa, kada ka rufe shi da maɓallin daidaita hagu da dama. Ka kashe na'urar, ka bar ta ta huce, ka musanya ƙananan bawul ɗin mashiga tsakanin gefen biyu in kowane gefe yana da nasa, ka sake aunawa. In raunin ya bi bawul ɗin, ka sami mai laifi. In ya tsaya a gefensa, to matsalar tana ciki: tsofaffin resistocin gawayi sukan hau sama da lambar da ke jikinsu, kafasitocin da ke ƙarƙashin bawul kuma sukan bushe, su ja ninki ƙasa. Wannan sai mai gyara da ya saba da babbar wuta. Ka kai masa na'urar tare da takardar da ka rubuta karatun gefen biyu, da Hz ɗin da ka yi awon da shi, da maƙalen om ɗin da ka ɗaura resistar.